Hedfon Mai Araha na Wasan Gem: Ingancinsa da Lafiyar Kunne

Hedfon na wasan gem, wato abin sauraron da ake kifawa a kunnuwa wanda aka haɗa masa makirfo domin 'yan wasa su riƙa magana da juna, yana cikin kayan da matasa masu buga PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty suka fi nema, kuma akasarinsu mai sauƙin kuɗi suke saye. Hausawa kan ce araha ba ta ado, amma abin da teburin mai gyara yake nunawa shi ne cewa hedfon mai araha yana iya biyan bukata matuƙar mai saye ya san inda masana'anta ta rage kuɗi, domin wani ragin ba ya cutar da kowa, wani kuwa kunne ne ke biyan bashinsa.

A cikin kowane ɓangare na hedfon akwai 'yar lasifika guda ɗaya, mai faɗin milimita 40 ko 50 galibi, wadda ta ƙunshi maganaɗisu da naɗaɗɗiyar wayar tagulla da wani siririn faifai da ke karkarwa ya fitar da sauti. Girmanta ba ya tabbatar da kyan sautinta, haka kuma rubutun 20 zuwa 20,000 na haz, wato ma'aunin kauri ko sirantakar sauti, da ake bugawa a jikin kwali iyakar jin ɗan Adam kawai yake nunawa, ba ya faɗin ko sautin ya daidaita a tsakanin iyakokin biyu. Lambar 7.1 ma, wadda ke sa mai saye ya zaci lasifika takwas ce a ciki, a mafi yawan lokuta manhaja ce ke sarrafa sautin lasifika biyu har kunne ya ji kamar daga kusurwoyi da yawa yake fitowa.

Inda irin wannan hedfon ya fi lalacewa sananne ne ga masu gyara. Igiya takan tsinke daga ciki a gindin fulogi ko a mashigarta cikin kunnen hedfon, ɗan maɓallin ƙara murya yakan fara ƙaraf-ƙaraf idan ƙura ta shige shi, fatar robar da aka lulluɓe soso da ita kuma takan yi ɓawo ta zube saboda zufa da zafi. Saboda haka wanda igiyarsa ke cirewa a sauya ta, kuma sosonsa na yadi ne, ya fi mai fitilu kala-kala daɗewa. Mai igiya ya kuma fi mai Bluetooth dacewa da wasa, domin Bluetooth yana jinkirta sauti da ɗan lokacin da ya isa a ga harbi a allo kafin a ji ƙararsa.

Babbar illa tana cikin yadda ake cika wa hedfon mai araha sauti mai kauri, irin na fashewar bam da rugugin mota, domin ya burge mai gwadawa a shago. Wannan kaurin yana danne ƙananan sautuka kamar takun abokin gaba, sai ɗan wasa ya ƙure murya domin ya ji su, ya kuma shafe awanni a haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa babba zai iya sauraron desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan ƙara ta kashe su, kuma shuwar da ake ji a kunne bayan an tashi daga wasa gargaɗi ne cewa an wuce iyaka.

Ya kamata mai saye ya gwada hedfon da wasan da yake bugawa, ya rage murya zuwa rabi ya ji ko taku yana fita sarai, ya naɗi muryarsa da makirfon ya saurara, sannan ya bar shi a kansa na ɗan lokaci ya ga ko yana matse shi. Iyaye kuma su sa ido kan ƙarfin muryar da tsawon zaman 'ya'yansu, domin igiya da soso da lasifika duk ana samun madadinsu a kasuwa da kuɗi kaɗan, jin da ya tafi kuwa babu mai gyaran da zai iya dawo da shi.