Tarho Da Waifai A Ɗaki Ɗaya

Darasinmu na wannan wata ya shafi ofishin ƙungiya ne, da kuɗin da ake iya ɓatarwa a banza.

Ƙungiyoyi da dama sun sayi akwatin waifai, watau akwatin nan da ake sa masa layin waya ya rarraba intanet cikin gida ba tare da igiya ba. Da shi magatakarda yake tambayar farashin masara, da shi ma'aji yake duba asusu. Waɗansu akwatunan suna da rami a baya inda ake jona tarho. Saboda haka mutane sukan sayo tarho mara igiya na gwanjo, irin na Amurka, mai mazauni a kan tebur da kai wanda ake ɗauka a zaga da shi tsakar gida.

Bara gab da damina mun ziyarci wata ƙungiya. Ma'aji yana cikin tura kuɗin taki sai tarho ya yi ƙara, shugaba ya ɗauka, nan take intanet ya tsaya. Suka ce kullum haka yake yi, har kwamiti ya yanke shawara a sayi sabon akwati. Muka ce su dakata tukuna. Da muka kifar da mazaunin tarhon, sai ga 2.4 GHz a rubuce. Muka duba ƙarƙashin akwatin waifai, shi ma 2.4 GHz.

Wannan lamba tana nuna zangon rediyon da na'ura take magana a kai, kamar yadda kowace tashar rediyo take da mita tata. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta bar wannan zango a buɗe, kowa ya yi aiki da shi ba sai da lasisi ba. Abin da babu mai shi kuwa, kowa sai ya shigo da garkensa. Waifai ya shigo a 1997, ya bazu daga 1999. Masu ƙera tarho mara igiya suka bi sahu a waɗannan shekaru. Bulutut na lasifika a nan yake. Murhun lantarki mai ɗumama abinci, wanda ake kira maikurowef, shi ma a kan 2.45 yake aiki.

To, halinsu ba ɗaya ba ne. Waifai mai ladabi ne: kafin ya yi magana sai ya saurara, in ya ji wani yana magana sai ya jira. Tsohon tarho ba ya sauraron kowa. Muddin ana hira yana ta watsa muryarsa, waifai kuwa yana ta jira, abin da ya aika ma yana lalacewa a hanya sai ya sake aikawa. Shi ya sa waifai ne yake shan kashi.

Kafin a ɗora wa tarho laifi, a yi gwaji. A jona kwamfuta da akwatin waifai da igiya, sa'an nan a buga tarho. Idan intanet ya ci gaba ta igiya amma ya yanke wa masu waifai, to karo ne a iska. Idan kuwa har ta igiyar ma ya yi sanyi, laifin ba na tarho ba ne. Waɗansu akwatuna sukan sauka daga 4G zuwa tsohon layi duk lokacin da ake magana, wannan kuwa sai a ba tarho layi nasa dabam. Wayoyin hannu da ke aljihunmu ba su cikin wannan rigima, gama kiransu a kan wasu zanguna yake tafiya, kamar 900 da 1800 MHz.

Magani na fari ba ya cin ko kwabo, shi ne raba su. Ƙarfin rediyo yana raguwa da sauri: a fili, in an ninka nisa biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. A sayi doguwar igiyar tarho a kai mazaunin wani ɗaki. Akwatin waifai kuma a ɗaga shi sama a tsakiyar gida, kada a sa shi cikin kabad na ƙarfe, ko dab da kwanon rufi, ko bayan randa, domin ƙarfe yana mai da shi baya, ruwa kuma yana shanye shi. A ƙungiyar da muka ambata, wannan kaɗai ya rage wahalar ƙwarai.

Na biyu shi ne sauya tasha. Ku ɗauki zangon 2.4 kamar gona mai kunya 13, a na'urorin Amurka kuwa 11. Waifai kamar kabewa yake, in ka shuka shi a kunya ɗaya sai ya yaɗu ya rufe wajen kunya biyu dama, biyu hagu. Don haka kunya 1 da 6 da 11 ne ba su sarƙe juna. A shiga shafin saitin akwatin, adireshinsa yana rubuce a ƙarƙashinsa, a gwada ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ana buga tarho kowane karo. Amma kada mu ruɗe ku. Akwai tarhon da yake zama a kunya ɗaya, shi ana iya kauce masa. Akwai kuma mai tsalle kamar akuya, yana bin dukan kunyoyi sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wannan ko ina ka koma sai ya taka ka.

Ga mai akuya, hanya biyu ta rage. Idan akwatin yana da 5 GHz, a mai da kwamfuta can, ko da yake 5 GHz ba ya ratsa katangar laka mai kauri kamar 2.4. In ba haka ba, a sauya tarhon da irin da ake kira DECT. An tsara shi a Turai a 1992, aka ba shi zangonsa tsakanin 1880 da 1900 MHz, nesa da waifai. A ganinmu wannan ya fi, kuma ya fi sabon akwati araha.

Sai dai a lura wajen saye. Wanda aka rubuta masa DECT 6.0 na Amurka ne, yana aiki tsakanin 1920 da 1930 MHz. A ƙasashenmu wannan wurin na 3G ne, inda wayoyin hannu suke magana da turken sabis. Ka raba faɗa a ɗakinka, ka tayar da wani a unguwa. A nemi wanda hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi. Haka kuma waɗansu tarho masu lambar 5.8 GHz suna karɓa a kan 5.8 amma suna mayarwa a kan 2.4, sai a karanta takardarsu da kyau.

A taronku na gaba, magatakarda ya kifar da kowace na'ura mara igiya da ke ofis, ya rubuta lambar GHz ɗinta a littafin ƙungiya. Duk ƙungiyar da ta sami 2.4 fiye da sau ɗaya ta yi gwajin igiya, ta aiko mana da sakamakon ta hannun malamin gona na yankinta.