Darasi na 14: Yinin Mace Tsakanin Gida, Aiki da Lafiyar Jiki

Karatu

Ya ku ɗalibai, ku tambayi kanku: wa ke fara tashi a gidanku da safe, wa kuma ke kwanciya a ƙarshe? A gidaje da yawa amsar ɗaya ce, wato uwa. Tun asuba takan hura wuta, ta dama koko, ta yi wa yara wanka, ta shirya su zuwa makaranta. Daga nan sai ta nufi wurin aikinta, ko ofis, ko asibiti, ko kasuwa, ko gona. Wata kuma a cikin gida take sana'arta, kamar ɗinki, ko kitso, ko suyar ƙosai. Da yamma girkin dare na jiranta, ga wanke-wanke, ga kula da yara.

A shekarar 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da wani rahoto a kan aikin kula da gida wanda ba a biyan kowa kuɗi a kansa. Rahoton ya nuna cewa mata ne ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na wannan aiki a duniya. A kowace rana mace takan ba shi sa'o'i 4 da minti 25, namiji kuwa sa'a 1 da minti 23. To, idan lokaci ya yi wa mace kaɗan, nata rabon take fara ragewa: barcinta, da abincinta, da hutunta. Hausawa na cewa lafiya uwar jiki. Ranar da uwa ta kwanta ciwo, gidan duka ne yake ji a jikinsa.

Motsa jiki

A da, aikin gida shi kansa motsa jiki ne. Mata sukan yi surfe da daka a turmi, su yi niƙa a kan dutse, su ja ruwa a rijiya, su yi tafiya mai nisa a ƙafa. A yau injin niƙa da famfo da Keke Napep sun rage wannan wahala a birane. Sauƙi ya samu, amma zama ya yi yawa. Ku lura cewa gajiya daban, motsa jiki daban. Matar da ta wuni a kan kujera tana ɗinki ko tana aiki da kwamfuta za ta gaji ƙwarai, alhali kuwa jikinta bai motsa sosai ba. Yawan zama yana daga cikin abubuwan da ke buɗe ƙofa ga ƙiba da hawan jini da ciwon sukari.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya riƙa yin matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ya cika mafi ƙarancin adadin. Alamar matsakaicin motsa jiki ita ce numfashi ya ƙaru, amma mutum yana iya magana. Ana iya raba lokacin: minti 10 na tafiya da sauri zuwa wurin aiki, minti 10 a dawowa, minti 10 kuma na tsallen igiya a tsakar gida tare da yara. Mai juna biyu ma tana amfana da motsa jiki, sai dai ta fara jin shawarar likita ko ungozoma. Ita kuwa matar da ke noma ko ɗaukar kaya a kasuwa ta riga ta cika wannan adadi. Hutu ta fi buƙata.

Abinci

A gidaje da dama uwa takan zuba wa kowa abinci, sannan ta ci abin da ya rage a tukunya, wani lokaci ma a tsaye. Jikin mace kuwa yana buƙatar sinadarin ƙarfe da yawa saboda jinin al'ada da ciki da haihuwa. Idan bai samu ba, ƙarancin jini kan biyo baya, sai kasala da jiri. Ana samun wannan sinadari a wake da hanta da nama da kifi da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Kwaɗon zogale da alale da miyar ganye ba su da tsada sosai, kuma suna gina jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana, kada kuma gishirinsa ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Ku tuna cewa dunƙulen da ake sa wa miya ma yana da gishiri. Tsari yana rage wahalar girki. Matan Hausawa sun daɗe suna busar da kuɓewa da tumatir, suna daka kuka da daddawa su ajiye, don kada girkin kowace rana ya cinye musu yini.

Hutu

Masana kiwon lafiya sun ce baligi yana buƙatar barcin sa'o'i 7 ko fiye a kowane dare. Bayan barci akwai hutun zuciya: ziyarar 'yan'uwa, da zuwa biki ko suna, da hira wurin kitso da lalle, da sauraron rediyo, da karanta littafi. Doka ma ta san muhimmancin hutu. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na makonni 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini don ta ba jaririnta nono. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga maza ma'aikatanta idan matansu sun haihu.

Naku rabon

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk dabarar mace, ba za ta iya ƙara wa yini ko da sa'a ɗaya ba. Abin da zai ba ta lokaci shi ne a raba aikin gida tsakanin maigida da 'ya'ya, maza da mata. Idan kai ɗalibi ka wanke kwanoni bayan cin abincin dare, ke ɗaliba kuma kika goge kayan makarantar ƙannenki, kun mayar wa mahaifiyarku minti 30 ɗin da take buƙata don ta taka ƙafa ko ta kwanta da wuri.

Ma'anar kalmomi

surfe: daka jiƙaƙƙen hatsi don a fitar da dusa
baligi: mutumin da ya girma, ya wuce yarinta
mai juna biyu: mace mai ciki
ungozoma: matar da ke karɓar haihuwa
kasala: rashin ƙarfin jiki
jinka: rufin ɗaki na ciyawa

Nazarin harshe: lokaci sabau

Ana amfani da "kan" don nuna aikin da aka saba yi: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan. Misali: Uwa takan tashi da asuba. Korewa: Uwa ba takan kwanta da wuri ba. Ku nemo jimloli uku masu wannan lokaci a cikin karatun.

Tambayoyi

1. Me mace take fara ragewa idan lokaci ya yi mata kaɗan?
2. Mene ne bambancin gajiya da motsa jiki?
3. Minti nawa na motsa jiki baligi yake buƙata a mako?
4. Ku kawo abinci huɗu masu sinadarin ƙarfe.
5. Ku bayyana ma'anar karin maganar nan: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai irinta a harshenku?

Aikin gida

Ku tambayi mahaifiyarku, ko wata mace babba a gidanku, yadda take tafiyar da yininta daga asuba zuwa dare. Ku rubuta jimloli goma da "takan". A ƙarshe ku faɗi aiki ɗaya da za ku karɓa daga hannunta a wannan mako.