Koyon Dirif: Dalilin da Ya Sa Tsohuwar Mota Mara Nauyi Ta Fi Iya Koyarwa

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: mota ta shigo kwana a karkace, hancinta na kallon gefe guda, jikinta na tafiya wani gefen, tayoyin baya na ta tuttuɗo hayaƙi, amma duk da haka ba ta ƙwace wa direba ba. Wannan shi ake kira dirif, wato sa bayan mota ya zame da gangan, sannan a riƙe zamiyar har a fita kwana. Wasu sun san shi ta fim ɗin Tokyo Drift na 2006, wasu kuma ta wasannin waya irin su CarX Drift Racing da FR Legends.

Da yawa suna ɗauka sirrin yana cikin ƙaton inji. Amma waɗanda suka kafa wannan wasa da ƙananan motoci marasa ƙarfi suka koya. A wannan darasi za mu ga dalili, mu kuma bi matakan koyon ɗaya bayan ɗaya.

Daga ina abin ya samo asali?

Daga Japan. A shekarun 1970 wani direban tsere mai suna Kunimitsu Takahashi ya yi suna wajen barin bayan motarsa ya zame a kwana domin ya fita da gudu. Wani matashi ɗan yankin Nagano, Keiichi Tsuchiya, wanda aka haifa a 1956, ya ɗauki salon ya riƙa gwadawa a hanyoyin kan duwatsu. A 1987 aka fitar da wani bidiyo mai suna Pluspy da ke nuna shi yana wannan tuƙi a kan titin jama'a. Bidiyon ya sa ya shahara, ya kuma jawo aka dakatar da lasisinsa na tsere na wani lokaci. Daga baya shi da Daijiro Inada, wanda ya kafa mujallar motoci ta Option, suka mayar da abin gasa mai ƙa'ida a rufaffen fili, aka fara kakar farko ta D1 Grand Prix a 2001. Amurka ta biyo baya da Formula Drift a 2004. A waɗannan gasanni ba wanda ya riga isa ake dubawa ba. Alƙalai na auna layin da direba ya bi, da yawan karkatar motar, da gudu, da tsabtar tuƙi.

Motar da Tsuchiya ya yi suna da ita ita ce Toyota AE86, wani nau'in Corolla da aka ƙera daga 1983 zuwa 1987. Injinta lita 1.6 ne, ƙarfinsa kusan doki 130, nauyinta kuwa bai kai kilo 1,000 ba. Ita ce motar jarumin labarin zane na Initial D da Shuichi Shigeno ya fara fitarwa a 1995. Yau farashinta ya yi tashin gwauron zabo saboda masu tara kayan tarihi, don haka masu koyo sun koma kan irin su Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, da BMW E30 da E36.

Me ya sa sai mai jan baya?

Motoci sun kasu dangane da tayoyin da inji ke juyawa. Golf, Camry, Accord da Corolla ta yanzu duk tayoyin gaba ne ke ja, su ne kuma ke juya motar. A mota mai jan baya an raba aikin: na gaba suna juyawa, na baya suna turawa. Idan ka taɓa leƙa ƙarƙashin Peugeot 504 irin wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ko Marsandi 190, ka ga wannan tsari: ƙarfin inji na bi ta doguwar firofela zuwa aksul ɗin baya.

Ga inda muhimmancin yake. Abin da ke haɗa kowace taya da ƙasa wuri ne da bai wuce tafin hannu ba sosai, kuma riƙon da yake da shi yana da iyaka, kamar data a waya. Idan taya ta kashe riƙonta wajen tura mota gaba, abin da zai rage mata na hana zamewa gefe kaɗan ne. To idan kana cikin kwana ka danna totur har tayoyin baya suka fara juyawa fiye da gudun motar, riƙonsu na gefe ya ƙare, sai bayan ya fita waje. Tayoyin gaba kuwa har yanzu suna da nasu riƙon, don haka kana iya sarrafa motar. A mai jan gaba, idan ka yi haka hancin ne zai zame, motar ta miƙe ta ƙi shan kwana.

Amfanin rashin nauyi da rashin ƙarfi

Na farko, mota mara nauyi tana saurin tsayawa. Ƙarfin karo yana ƙaruwa da nauyi, yana kuma ninkuwa da gudu: motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana ɗauke da ƙarfin karo ninki huɗu na wadda ke gudun 40. Mai koyo zai yi kuskure ba adadi, gara ya yi shi a 30 ko 40.

Na biyu, babu kwamfuta tsakaninka da tayoyi. Sababbin motoci na da na'urar da ake kira ESC, wadda ke lura da juyawar mota da na tayoyi, da zarar ta ga baya zai zame sai ta kama birkin taya guda ta rage ƙarfin inji. Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014. Tana ceton rayuka a kan titi, amma aikinta shi ne hana abin da kake son koya. A tsohuwar mota abin da hannunka da ƙafarka suka yi shi za ka gani.

Na uku, ƙaramin inji ba ya rufa wa direba asiri. Mai doki 400 zai iya danna totur kawai taya ta saki. Mai doki 120 dole ya koyi sauya nauyi: idan ka taka birki ko ka ɗaga ƙafa daga totur, nauyin mota na komawa gaba, baya ya yi sauƙi, idan ka ba da wuta, nauyin ya dawo baya. Wannan shi ne ainihin ilimin dirif, kuma wanda ya koye shi a ƙaramar mota zai iya da kowace.

Shirya motar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka je fili, ka tabbatar da waɗannan:

- Giyar hannu, mai kuloci lafiyayye. Yawancin dabarun da ke ƙasa da kuloci ake yin su.
- Difarenshal, wato haƙoran da ke tsakiyar aksul ɗin baya. Irin na yau da kullum yana tura ƙarfi ga tayar da ta fi saukin juyawa, sai ka ga taya ɗaya na hayaƙi, ɗayar na zaune. Abin da ake so shi ne irin wanda ake kira LSD, mai tilasta wa tayoyin biyu juyawa kusan tare. Wasu na yi masa walda saboda araha, amma motar da aka yi wa haka ta zama ta fili kaɗai, tana da haɗari a titi, musamman da damina.
- Lagireto, fanka da baƙin mai. Inji zai yi ta ihu alhali motar na tafiya a karkace, iska ba ta shiga ta gaba sosai. Zafi ne ya fi kashe injin mai koyo.
- Tayoyi masu kyau a gaba, masu araha a baya. A ƙaramar mota ana ƙara wa na baya iska fiye da yadda aka saba domin su yi saurin saki, ba tare da an wuce iyakar da ke rubuce a jikin tayar ba. Da zarar zare ko waya ta fara leƙowa, a cire.
- Birki da birkin hannu masu kamawa, notocin taya a ɗaure, batir a ɗaure, babu wani tarkace a cikin mota.
- Hular kwano, bel ɗin kujera, da tukunyar kashe gobara.

Mataki na ɗaya: da'ira

Ajiye fankon jarka a tsakiyar fili. Sa giya ta ɗaya, ka riƙa zagaye ta a hankali. Sai ka danna totur da ƙarfi lokaci guda. Baya zai fita. Nan take ka juya sitiyari zuwa gefen da bayan ya nufa: idan kana zagayawa hagu, baya zai zame dama, sitiyari ma dama. Wannan shi ne tare baya.

Ba sai ka yi kokawa da sitiyarin ba. An kafa tayoyin gaba ta yadda suke son bin inda mota ta dosa, kamar tayar kujerar ofis. Sassauta riƙo, sitiyarin zai juya da kansa, kai kuma ka cafke shi inda ya dace. Daga nan ƙafa ce ke aiki: ƙarin totur, ƙarin karkata; rage totur, baya ya dawo layi. Idanunka su tsaya a kan jarkar. Idan an jiƙa filin da ruwa, komai zai faru a ƙaramin gudu, tayoyi kuma su daɗe. Kada ka wuce wannan mataki sai kana iya zagaye uku ko huɗu a jere, hagu da dama.

Mataki na biyu: lamba takwas

Ajiye jarka ta biyu da tazara mai kyau. Ka zagaye ta farko a karkace, idan hancin motar ya kalli ta biyu sai ka ɗan ɗaga ƙafa. Nauyi zai koma gaba, baya ya wurga zuwa ɗaya gefen. Bar sitiyari ya juya, cafke shi, mayar da wuta. A nan ne yawancin masu koyo ke juyewa gaba ɗaya, don sun makara wajen tarewa.

Mataki na uku: shiga kwana a giya ta biyu

Akwai hanyoyi uku da suka dace da ƙaramar mota. Ta farko, harbin kuloci: ƙafarka na kan totur, ka taka kuloci ka sake shi da sauri, ƙarfin inji ya faɗa wa tayoyin baya lokaci guda. Ta biyu, birkin hannu: taka kuloci tukuna, ja birkin na ɗan lokaci da babban yatsa a kan maɓalli, sauke shi, saki kuloci da wuta. Ta uku, yaudarar kwana: ka ɗan karkata sitiyari zuwa wajen kwanar, sannan ka dawo da shi ciki da sauri, nauyin motar ya wurga bayan.

Kurakurai uku ne suka fi yawa: ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya saboda tsoro, wanda ke sa tayoyi su kama ƙasa kwatsam mota ta fizge zuwa ɗaya gefen, jinkirin dawo da sitiyari tsakiya a ƙarshen zamiya, da ƙura wa bango ido. Inda idonka ya kalla, can hannunka zai kai ka. Idan kuma ta ƙwace, taka kuloci da birki tare har ta tsaya.

Abin da wayarka za ta yi maka

Wasannin waya suna koya wa ido layi da lokacin juyawa, amma ba sa koya wa hannu da ƙafa komai. Wanda ya fi kusa da gaskiya shi ne Assetto Corsa a kwamfuta, haɗe da sitiyari irin Logitech G29 mai juyawa digiri 900 da feda uku. A nan za ka ji yadda sitiyari ke juya kansa, ka juye sau ɗari ba ka ƙona taya ko ɗaya ba.

A fili kuma, kafa waya a kan sanda nesa da inda motar ke bi, ka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya. Idan ka zo kallo, tayoyin gaba za ka duba: yaushe suka fara tarewa, kafin baya ya yi nisa ko bayan ya yi? Manhaja irin RaceChrono na iya ɗora gudu da layinka a kan bidiyon. Sai dai ka sani, ƙaramar na'urar nan ta OBD-II da ke haɗa inji da waya ba za ta yi aiki a yawancin motocin shekarun 1980 ba, don a 1996 ne aka wajabta wannan mashiga a Amurka. Don haka idonka ya riƙa komawa kan allurar zafin inji.

Inda ake yi, da inda ba a yi

A Japan akwai filaye irin su Ebisu da ke yankin Fukushima, mai hanyoyi da yawa har da na masu koyo. Ko'ina kake, ƙa'idar ɗaya ce: rufaffen fili mai faɗi, da izinin mai shi, babu turaku, babu lambatu, babu bakin kwalta mai tudu, domin taya ta bugi tudu a karkace shi ke kifar da mota. Masu kallo su tsaya nesa, bayan wani shinge. Ka tafi da wanda ya fi ka sani.

Wasan mota da wasu matasa ke yi a titunan garuruwanmu lokacin biki, jama'a na kewaye da su, ya sha jawo asarar rayuka da zuwa gaban kotu. Duk matakan da muka lissafa an gina su ne a kan cewa motar za ta ƙwace maka sau da yawa kafin ka iya. A fili, abin da za ka buge fankon jarka ne. A titi kuwa mutum ne.

Idan ba ka da fili ko mota tukuna, fara da sitiyarin kwamfuta, ka tara kuɗin tayoyi da hular kwano kafin na fenti. Sannu ba ta hana zuwa.