Yadda A Ke Shigo da Baƙon Kare Cikin Gida

A hutun da ya wuce ƙanena ya tsinci wani kare a bayan kasuwa, ramamme, kunnuwansa cike da kaska. Tausayi ya kama mu, muka kawo shi, muka sake shi a tsakar gida. Kafin gari ya waye ya kashe kajin innarmu biyu, kyanwa kuwa ta haye rumbu ta ƙi saukowa. Laifinmu ne, gama mun yi gaggawa. Tun da ya ke yawancinmu ƙauyuka za mu tafi koyarwa, inda yara kan tsinci irin waɗannan karnuka, ga abin da na koya.

Na fari, lafiya. Ba wanda ya san inda karen titi ya bi. A ɗaure shi shi kaɗai a inuwa kamar mako biyu, a cire masa kaska, a kai shi wurin likitan dabbobi domin allurar rigakafin haukan kare. Wannan cuta ta kan ɓuya a jiki makonni ko watanni, in kuwa ta bayyana sai mutuwa. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro da allura bayan mahaukacin kare ya cije shi. Saboda haka in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ran nan.

Na biyu, hanci. Kare da hanci ya ke sanin duniya. A goga tsumma a jikin kyanwa ko tsohon karen gida, a ajiye kusa da baƙon, sa'an nan a kai musu nasa. Da haka za su saba da warin juna tun ba su haɗu ba.

Na uku, gamuwa. A bari sai baƙon ya ci ya ƙoshi, a fito da shi da igiya a wuyansa, na ɗan lokaci kaɗan kowace rana. In karnuka biyu ne, su fara gamuwa a kan hanya, nesa da ƙofar gida, gama tsohon ya na ganin gidan nasa ne. Kyanwa kuwa a bar mata wurin hawa. In ya ga kaji ya ƙyale su, a yabe shi, a ba shi ɗan abinci. Duka tsoro kurum ya ke ƙara masa, karen da ya tsorata kuwa shi ke cizo.

Na huɗu, abinci. Kowa da kaskonsa, nesa da juna. Da dare a rufe kaji a akurki, kada kuma a bar ƙananan yara su kaɗai da shi.

Karenmu ya yi wata guda kafin a kwance masa igiya. Yanzu shi ke gadin akurkin da dare. 'Yan'uwana, sannu ba ta hana zuwa.