Yadda Ake Wanke Lagireto a Zafin Duwala

Motar da ta maƙale a cunkoson Ndokoti a Duwala da tsakar rana ba ta samun iskar gudu, fanka kaɗai ta rage mata. A nan asirin toshasshen lagireto yake tonuwa. Ruwa ne ke ɗebo zafin inji ya kai shi siraran bututu, iska ta kwashe. In tsatsa daga ciki ko laka daga waje ta shiga tsakani, sai allurar zafi ta hau.

Bakaniken kirki a unguwar New Bell zai bar inji ya huce sarai kafin ya taɓa murfi, domin tafasasshen ruwa yana feshi a fuska. Sannan ya kwance tiyon ƙasa ya duba abin da ya zubo. Ja-ja, tsatsa ce. In ya yi kamar shayi da madara, mai ya shiga, aikin ya wuce wanki.

Sai a sauke lagireton, a tura ruwa ta ƙasa ya fita ta sama, har ya fito garau. Wajensa kuma daga baya ake fesawa zuwa gaba, a hankali, don fukafukan alminiyon ba sa jure ƙarfi. Lakar daminar Duwala a nan take bushewa ta hana iska wucewa. Fukafukan da suka lanƙwashe a miƙe su da siririn ƙarfe.

Murfi ƙaramin abu ne, amma matsin da yake riƙewa shi ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120. In robarsa ta mutu, a sayo sabo a unguwar Camp Yabassi. Cire tamostat kuwa, wai don mota ta yi sanyi, ban yarda da shi ba ko kaɗan. A wasu injuna ruwan sai ya riƙa kewaye a ciki, bai leƙa lagireto ba.

Kada a zuba ruwan rijiya, gishirinsa ke toshe bututu. Ruwan lagireto na kanti ake sawa. A tada inji murfi a buɗe har kumfa ta ƙare, sannan a rufe.

Mai injin Wankel, irin na Mazda RX-8 da aka daina ƙerawa a 2012, sai ya ƙara kula. Wutarsa a gefe ɗaya take ci kullum, wajen fulogi, kuma baƙin mai ne ke sanyaya abin da ke juyawa a ciki. Don haka ƙaramin lagireton mai shi ma a wanke shi rana ɗaya da babban.