Maganin Bayan Mota da Aikin Malaman Kimiyya

Jama'a, an rubuta wannan takarda ne saboda wata ɓarna da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Abuja da kewayenta, wato shan maganin da ba a gwada ba. Duk wanda ya bi ta tashar Zuba ko Nyanya, ko kasuwar Gwagwalada, ya san motar nan mai lasifika a ka da robobi jere a baya. Roba guda, in ji mai ita, tana maganin basir da shawara da sanyi da taifot da ciwon suga, har ta ƙara wa maigida ƙarfi. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta sha yin gargaɗi, amma har gobe ana saye.

Alhali kuwa akwai mutanen da aka ɗauka aiki don su faɗa mana abin da ke cikin robar nan. Su ne malaman kimiyya. Jami'ar Abuja, da aka kafa a 1988, tana da tsangayar kimiyya guda, ga kuma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu. Mutane da yawa sun ɗauka aikin malamin jami'a shi ne ya shiga aji ya fito. Wannan kashi ɗaya ne cikin uku. Sauran biyun su ne bincike da yi wa jama'a hidima da abin da binciken ya gano.

In aka kai magani ɗakin gwaji, masanin tsirrai ne zai fara tantance ko wane itace ne, domin saiwa ta kan yi kama da saiwa. Masanin sinadarai ya tace shi, ya duba ko akwai gubar dalma, ko an niƙa ƙwayar asibiti an zuba a ɓoye don mai sha ya ji sauƙi nan take, abin da aka sha kamawa a magungunan ƙarfin maza. Masanin ƙwayoyin cuta ya shuka ɗigo ɗaya a faranti ya ga abin da zai tsiro, don sau da yawa ruwan da aka jiƙa maganin shi ne cutar. Daga nan a gwada a jikin ɓeraye, a duba hanta da ƙoda, kafin a kai ga mutum. A bayansu duka akwai ma'aikatan ɗakin gwaji, masu awo da saita na'ura da rubuta sakamako. Ba a cika jin sunansu ba, amma in hannunsu ya kuskure, binciken farfesa ya tashi a banza.

Kada wani ya ce 'yan boko ne ke gaba da maganin iyaye da kakanni. Ku dubi uwargida mai tuwo. Ta san dawar nan daga gonar mijinta ta fito, ta san albarkarta, amma ba ta ɗiba daga rumbu ta zuba a tukunya. Sai ta surfa, ta bakace a faifai, ta wanke, ta zauna ta rege a ƙwarya sannu a hankali har tsakuwa ta kwanta a ƙasa, ta niƙa, ta tankaɗe. Wa ya taɓa cewa ta raina dawa? Haƙoran 'ya'yanta take tausaya wa. Wadda ta yi ganda ta tsallake regaya kuwa, a bakin akushi ake gane ta. To, malamin kimiyya regaya yake yi, kuma ya kan sami tsaba mai kyau.

Shaida ita ce maganin sikila, cutar da ake haifar yara kusan 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya. Wani mai maganin gargajiya, Rabaran Ogunyale, ya kai wa NIPRD haɗinsa: masoro, kanumfari, karan dafi, da wani itace dangin madobiya. Farfesa Charles Wambebe da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna gwaji, suka ga yana rage tashin ciwon, aka sa masa suna Niprisan. Haka kuma a 2020, da aka kawo ruwan maganin korona daga Madagaska ana ta yayatawa, cibiyar ta gwada, ta ce yawancinsa tazargade ne, kuma ba ta ga hujjar yana warkar da korona ba. Ɗaya ya ci jarrabawa, ɗaya ya faɗi, ma'auni kuwa guda ne.

Guba ba ta da kama. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu a ƙasar nan bayan an ba su maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu yana ɗauke da wani sinadari irin na man birki, mai kashe ƙoda. Zaƙi gare shi, kwalbarsa tsaf. In abin da ya fito daga masana'anta ya yi haka, ina ga wanda aka dafa a garwa a bayan gida?

A nan dole a faɗa wa magidanta gaskiya. Mutum ya tsaya ya ƙwanƙwasa kankana kafin ya biya, amma ya karɓi baƙin ruwa daga hannun wanda gobe ba zai gan shi ba, ya ɗura wa jariri ko mai ciki! Wannan ba tawakkali ba ne, sakaci ne. Addini ya umarce mu da neman magani, ya kuma umarce mu da tambayar masu sani. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba, alhakin ɓarnar na wuyansa. Rai amana ne. Ranar da ƙoda ta tsaya aka shiga layin wankin ƙoda, gona da gida ake sayarwa, mai lasifika kuwa ya koma wata kasuwa.

Saboda haka a duba lambar NAFDAC. A kuma sani, lambar da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Mai maganin da ya gaji abin kirki ya kai shi a gwada. Wanda ya sha wani abu ya ga fitsarinsa ya ragu ko ƙafa ta kumbura, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya sha.

Sauran ayyukan malaman kimiyya a taƙaice: suna gwada ruwan rijiya da na leda saboda kwalara, suna duba gubar fumfuna a gyaɗa da masara, suna auna ƙasar noma da gurɓatar iska. Masu lissafi suna da cibiyarsu ta ƙasa a Sheda cikin Kwali, kuma kwalejin ilimi ta Zuba tana horar da malaman da za su koya wa yaranmu kimiyya a firamare da ƙaramar sakandare.