Ɗana, Ka San Ranar da Ba a Tashi

Ɗana, na ji ka ƙudura niyyar shiga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, har kana cewa wata rana sai ka gwada jirgin nan mara inji da ake ja sama da igiya a sake shi. Allah ya sa albarka. Tashi da sauka malamai za su koya maka. Abin da nake so ka tafi da shi daga gida shi ne sanin ranar da ba a tashi.

Fara karatun tun daga nan Gyadi-Gyadi. Da bazara, wajen azahar, ɗaga kai a kasuwar Tarauni ka dubi shirwa. Ta baje fukafukai ba ta kaɗawa, tana kewaye tana ƙara sama. Rana ce ta gasa kwalta da rufin kwano, iska mai zafi ta miƙe, shirwa ta hau. Da wannan iskar jirgi mara inji yake rayuwa, kuma ita ce ke haɗa hadari. Farin gajimaren da ke ɗaga ka da azahar, in ya dinga tsawo, gindinsa ya yi baƙi, kansa ya baje kamar maƙera, to kafin la'asar ya zama abin gudu. A ƙarƙashinsa zai zuƙe ka sama, a gefensa iska mai sanyi ta danna ka ƙasa. Hadarin Kano daga gabas yakan taso, jar ƙura a gaba, ruwa a baya. In iska ta tsaya cik, sannan sanyi ya bugi fuska, mata suna rige-rigen kwashe shanya, matuƙin da bai sauka ba ya riga ya makara. Mai inji in sauka ta ƙi yakan ƙara wuta ya sake kewayowa. Mara inji sau ɗaya tak ake ba shi.

Hunturu kuwa da lallami yake zuwa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamadar Chadi takan rufe gari har mai tsayuwa a titin Zariya ya kasa hango gadar Dangi. Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin alhazai daga Jidda ya nufi Legas, yanayi ya ɓaci a can, aka juyo da shi Kano. Ya zo sauka cikin hazo da iska, ya faɗi, mutum 176 suka rasu.

Ranar 29 ga Oktoban 2006 kuma, jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato hadari na kan filin. Bai yi nisa ba iska ta juya masa. Mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Masu bincike sun ɗora babban dalili a kan shawarar tashi cikin yanayin da aka san ya ɓaci. Allah ya jiƙansu. Ajali gaskiya ne, amma tawakkali bai taɓa hana bin sababi ba.

Don haka ka karanta hasashen hukumar yanayi ta NiMet kowace safiya, sannan ka fita ka dubi gabas da idonka. In biyun suka saɓa, bi wanda ya fi tsoratarwa. Tun kana ƙasa, hankali kwance, ka yanke wa kanka iyaka: iska in ta kai kaza, gani in ya gaza kaza, ba ni tashi. Kada ka sake wannan ciniki a sama.

Abokai za su ce ka cika tsoro, babban mutum zai duba agogo ya tsuke fuska. Ka ba shi haƙuri cikin ladabi, ka ce yanayi bai ba da hali ba. Sauri kan haifi nawa. Fushinsa na yini ɗaya ne, ɗana, kuma gobe ma akwai tafiya.